A Sauke Ni a Bakin Kasuwa

Ba zan taɓa mantawa da daminar nan ba, lokacin sabuwar doya, shekarar da gwamnati ta rungumi gurguzu, kowa a Parakou ya zama "kamarad", har tsohuwar da ke sayar mana da gawayi. Ina ajin yaƙi da jahilci a unguwar Guéma, da goyona a baya. Aka ce wani babba zai zo ya yi mana tambaya, wadda ta amsa daidai za a kai ta taron mata a Djougou. Djougou fa, inda Innata take, rabona da ita tun kafin in haihu.

Malaminmu, da muke kira mushe (wato malam da Faransanci), ya faɗa mana tambayar tun da wuri: mene ne babban abin da ɗan Adam ya yi a ilimin sararin samaniya? Hajara, matar wani direba ɗan Najeriya, ta ce taka duniyar wata.

"Kamarad Hajara, rufa mana asiri, wannan na Amurka ne," in ji mushe. Amsar da ake so ita ce mutumin Rasha da ya fara zagaya duniya. Na haddace tsaf (ko daka nake, ita nake rerawa).

Ranar da baƙon ya zo, sai mushe ya so burge shi, ya ƙara da cewa a can sama komai ba ya da nauyi.

Shi ke nan, na tafi. Ga ni cikin kumbo, daron doya na shawagi gefena kamar auduga, goyona sakayau, bayana ya daina ciwo. Can ƙasa hanyar Djougou ta miƙe, ga masallatai, ga rumfunan goro, ga Inna tana shanya a tsakar gida...

"Kamarad mai goyo! Ke ake jira," in ji baƙon.

Na buɗe ido (ashe hannayena a baje suke kamar na shirwa). Bakina ya riga hankalina: "A sauke ni a bakin kasuwa, Baba."

Aji ya ɓarke da dariya. Hajara har da hawaye: "Direba, tsaya, akwai mai sauka!" Baƙon ya gyara tabarau ya juya gare ta, ta zubo masa amsar mushe tiryan-tiryan. Ita aka kai Djougou. Ni sabulu na ba ta, ta kai wa Inna.

Har yau, in don ta ni ne, rashin nauyin nan ya fi duk abin da suka gano. Na dai koyi cewa a fara amsa tambaya kafin a shiga kumbo.

Washegarin zuwan baƙon na ɗora daron ruwa a ka, na ɗan tsaya ko zai tausaya mini. Nauyinsa na nan yadda na bar shi.