Ranar da Na Yi wa Aljani Kwatancen Gidan Ciyaman

Ba zan taɓa mantawa da daminar da muka je dashen itatuwa a wani kufai da ke tsakanin Kaya da Damaga ba. Ko na so mantawa ma, dangin matata ba za su bar ni ba.

Muna da wata 'yar ƙungiyar sa-kai (ba irin waccan mai bindiga ba, mu makamanmu fartanya da bokiti). Mutanen Mafara ne da Bakura da Maradun: malaman makaranta, 'yan tireda, tela guda, sai dattawan da suka yi ritaya zaman gida ya ishe su. Da damina ta faɗi muke fita aikin gayya ranakun Asabar. Mu toshe bakin kwazazzabo da duwatsu, mu dasa bedi (wato dogon yaro) da gawo a gefen burtali, mu kewaye su da ƙaya saboda awaki, mu tsince ledojin da ke bakin tafki. Ciyaman ɗinmu Alhaji Garba ne, tsohon malamin gona, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Ni kuwa aka ba ni kakakin ƙungiya, don tun ina yaro bakina ke riga ƙafata isa wuri.

Kufan da nake magana, mutanensa sun watse ne a shekarun da zaman ƙauye ya gagara. Da abubuwa suka ɗan lafa a wajen, masu gonaki suka fara sha'awar komawa, sai suka tarar ruwa na cin ƙasar yana tafiya da ita. Suka roƙe mu mu dasa masu itatuwa. Matsalar ɗaya ce: akwai wata tsohuwar tsamiya a tsakiyar kufan, wadda ake cewa tun garin na gari ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana. Da aka kawo maganar a taro, sai kowa ya fara tuna uzurinsa. Nan fa na miƙe, na gyara hula, na yi jawabi a kan camfi da jahilci har da buga tebur. Na rufe da cewa ni da kaina zan dasa layin da ya fi kusa da tsamiyar, ni kaɗai, kuma rana na tsaka. Aka yi mini tafi. (Wallahi har yau in na tuna tafin nan sai na ji kunnuwana sun yi zafi.)

Ranar Asabar muka shiga a-kori-kura da dashenmu cikin ledoji. Motar ta tsaya a bakin kufan, jama'a suka fara aiki daga nan, ni kuwa na ɗauki bokitina cike da 'yan bedi na nausa ciki ina fito, don a ji.

Ban yi nisa ba fiton ya ƙafe. Gamba ta fi ni tsawo, ta rufe ni ruf, muryoyin abokan aiki suka yi ta dusashewa har na daina jin su. Ga katangu sun zube sun bar ƙofofi a tsaye, ƙofar da ba ta shiga ko'ina. Ga rumbu ya kife, ga turmi a tsage ciyawa ta fito ta cikinsa. A tsakar wani gida na ga duwatsun murhu suna nan yadda aka bar su, da baƙinsu, kamar mai girkin ta zaga ne za ta dawo. Abin da ya fi damuna shi ne shirun. Daji da damina ba ya shiru, amma nan ko kurciya ba ta kuka. Iska ta ɗauke ɗif, irin ɗaukewar da take yi kafin hadari.

Da na shiga inuwar tsamiyar sai na ji sanyi ya sauko mini daga wuya, kamar na shiga ɗakin randa. Na ce wa kaina ai inuwa ce, haka take. Na durƙusa na fara haƙa.

Sai aka kira ni.

Ba da sunana na yanka ba. Da wani suna ne da kakata kaɗai ke kirana da shi, sunan da ko matata ba ta sani ba. Murya ce ta tsohuwa, a hankali, daga bayan tsamiyar, kamar yadda ake kiran yaro ya zo ya karɓi fura. Kakata kuwa ta daɗe a maƙabartar Bakura, kuma ba ta taɓa taka wannan ƙauye ba.

Na ce kunnena ne. Aka sake kira.

Ban san abin da ya tashe ni ba. Na dai ga ƙafafuna suna zagaya tsamiyar, bokiti a hannu. Babu kowa a bayanta, sai ciyawa mai duhu da wata magarya. Hannuna ya saki bokitin, ya faɗi ƙwal. Sai na ji nishi, dogon nishi, kuma ba daga gabana ko bayana ba. Daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa.

"Wa an nan?" in ji wata murya a shaƙe, mai amo kamar daga cikin tulu. "Ɗan Adam... matso... matso kusa."

Jama'a, na yi karatun allo daidai gwargwado. Amma da na buɗe baki in ja Ayatul Kursiyyu, abin da ya fito addu'ar gama cin abinci ce. Na yi yunƙurin gudu, gwiwoyina suka ce ba da su ba. Sai na zube a ƙasa, na yi abin da na fi iyawa a duniya, wato magana.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ni ɗan aike ne. Wallahi ba ni na kawo shawarar a zo nan ba. Ciyaman ne, Alhaji Garba. A Mafara yake, bayan tasha, gida mai koriyar ƙofa, akwai dakali a waje. In ba a same shi a gida ba, yana shagon ƙanensa a bakin kasuwa."

Muryar ta sake yin nishi. Na ɗauka tayin bai yi ba, sai na ƙara.

"In jini ake so, nawa ba shi da kyau, hawan jini gare ni. Amma akwai wani baƙin bunsuru a gidan kawun matata a Damaga. Tsohon akwai rowar tsiya, amma zan san yadda na yi na raba shi da shi. A yi mini rai, ina da ƙananan yara."

Can sai muryar ta ce, da ƙarfin da ban zata ba, "Kai! Kai dai..."

Ban tsaya jin ƙarshen ba. Gwiwoyin da suka ƙi tashi ɗazu su suka ɗauke ni sama. Na keta gamba, na keta ƙaya, na bar hula a wani reshe da takalmi ɗaya a tsakar wani gida. Na faɗo cikin jama'a ina haki, wandona a jiƙe. (Na ce masu raɓa ce. Da tsakar rana.)

Da na ba da labari, ban rage komai ba sai jawabin da na yi wa muryar. Kafin in gama, mutane sun fara jefa fartanyu cikin mota. Ga shi kuma gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya taso. Direba ya tada inji, ni ne na fara hawa.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba, Malam Sahabi, limamin wata unguwa a Maradun, ɗan gidan malamai tun kakanni. Ya dube ni ya ce, "Mi yac ce maka?"

"Ya ce in matso."

"Ka yi mishi sallama?"

"Allah gafarta Malam, sallama kuma?"

"To ko wane ne, mutum ko aljan, bawan Allah ne, kuma nishi ka ce kaj ji. Ba a barin mai nishi a tahi." Ya naɗe hannun rigarsa ya kama hanya.

Inna Kulu, dattijuwar da ke renon mana dashe a bayan gidanta, ta ɗaure gyale a ƙugu ta bi shi, tana cewa, "Ku zauna nan, maza, ku tsare mota kada ta gudu." Wannan magana ce ta sauko da kowa. Aka ce ni zan nuna hanya. Na nuna kuwa, daga bayan Inna Kulu, ta saman kafaɗarta.

Muka isa bayan tsamiyar, ga bokitina a yashe. Sama ta yi duhu, ganyen tsamiyar ya fara kaɗawa ba tare da mun ji iska a jikinmu ba. Malam Sahabi ya tsaya ya ɗaga murya: "Salamu alaikum!"

"Wa alaikumus salam," in ji ƙarƙashin ƙasa. "Don Allah ku kawo igiya. Ƙahwata ta karye."

Tsohuwar rijiya ce, bakinta ya zube, ciyawa ta rufe ta. Tsakaninta da inda na durƙusa ina roƙo bai fi tsawon tabarma ba. Aka kwance igiyar mota, telanmu da yake mara nauyi ne ya sauka, ya ɗaure mutumin a ƙirji. Muna ja yayyafi na farawa. Da ƙyar muka fito da su, sai ruwa ya ɓarke. Ashe duk ruwan kufan nan yake gangarowa. Muna tsaye muna kallo jan ruwa ya riƙa kwarara cikin rijiyar kamar ana juye randa. Ni dai ina tuna cewa ni na fara hawa mota.

Mutumin ya yi buɗu-buɗu da laka, ba a gane fuskarsa. Inna Kulu ta sa bakin gyalenta ta goge masa. Da gemun ya bayyana, sai na ji da ma ni ne a cikin rijiyar. Kawu Bawa ne, yayan mahaifiyar matata Hadiza, mutumin da ya ba ni aurenta da bakinsa. Tun da hantsi ya zo duba tsohuwar gonarsa, ƙasa ta rufta da shi.

Muka kwantar da shi a bayan mota, muka ja tamfol muka rufa. Na lallaɓa can lungu na ɓoye bayan tela, ina addu'ar Allah ya sa zafin ciwo ya hana shi gane murya. Mun ɗan taɓa tafiya, sai ya buɗe ido.

"Wane ne Alhaji Garba cikinku?"

"Ga ni, Baba. Sannu, Allah shi sawwaƙe."

"Kai ad da gida bayan tasha, mai koriyar ƙohwa?"

Ciyaman ya yi mamaki. "Ni ne. Ka san ni, Baba?"

"Yau nis san ka. In ba a ishe ka gida ba, kana shagon ƙanenka. To ka yi hattara, an ba da kai."

Ya kwashe jawabina kaf ya zayyana masu, har da addu'ar cin abinci, yana yi yana cije leɓe saboda ƙafar. Da ya zo kan hawan jini, tela ya faɗi a kan ledojin dashe yana riƙe ciki. Malam Sahabi ya sa rawani ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa. Ciyaman kaɗai bai yi dariya ba. Kallona kawai yake, irin kallon da ake yi wa kazar da aka yi wa hatsi ta koma ta tone shuka.

Sai Kawu ya ce, "Mijin Hadiza, na gane ka tun daga ranka ya daɗe. Hito daga bayan mutane." Na fito, na durƙusa a cikin motar da ke tsalle. Ya ce, "Bunsurun ga baƙi, yaushe za ka zo ɗauka? Ka hwaɗa mini da wuri, in shirya rowata."

Ko direba sai da ya taka birki.

Bayan kwanaki na tattara sauran mutuncina na je gaishe shi a gidan maɗori a Maradun. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ni kaina a ƙasa. Da ɗakin ya rage mu biyu, na tambaye shi abin da ke cina: ina ya san sunan da kakata ke kirana da shi?

"Wane suna?" ya ce. "Ni suma niy yi. Ƙarar bokitinka ta tashe ni. Kahin nan ban kira kowa ba."

Na gaya masa abin da na ji. Murmushi ya bar fuskarsa. Can ya ce, "Kak ka bincika. Wadda tak kira ka ba cutar da kai tan nuhwa ba, taimako taka nema mini." Ya ɗan nisa. "Sai dai ta yi zaɓen tumun dare."

Mun koma kufan daga baya, mu duka, muka rufe rijiyar da itace da siminti, muka gama dashen. Bedin sun kama, masu gonaki sun dawo noma. Layin tsamiyar Inna Kulu ce ta dasa shi, ni ina miƙa mata ruwa. Ciyaman ya yafe mini, amma da aka sake zaɓe sai aka mai da ni mai kula da bokitai, muƙamin da ba a jawabi a cikinsa. A Damaga kuwa, duk sallar layya sai an aiko a tambaye ni ko har yanzu ina son baƙin bunsurun.

Abin da na koya ba shi da yawa. Cika baki a taro bashi ne, kuma a daji ake biya. Sannan duk tsananin tsoro, kafin ka fara sayar da mutane, ka daure ka yi sallama tukuna, ka ji ko da wa kake ciniki.