Ranar da Sallau Ya Tambayi Ɗorawa

A ƙauyenmu na Rafin Kanya an yi wani mutum ana ce masa Sallau. Ba taɓin hankali gare shi ba, bai kuma taɓa cutar ko kaza ba. Shi dai magana ba ta da ciki a wurinsa. Yadda ta fito daga bakinka, haka zai ɗauka ya aikata. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Kande mai tuyar ƙosai, da mahaifiyarsa Iya Tabawa, wadda idanunta suka yi rauni, take kiransa Auta. Bayan ɗakin Iya akwai wata tsohuwar ɗorawa da ta bushe tun bara. Da hadarin farko ya taso, wani ƙaton reshe ya ɓalle ya faɗo, saura taku biyu ya danne ɗakin. Iya ta ce ita ba ta barin ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Ya zama dole ɗorawa ta sauka kafin ruwa ya zauna, ga shi gatari ba zai gama da ita a kan kari ba.

Wata rana Sallau ya tafi wurin ƙanin mahaifiyarsa, Kawu Barau, wanda ya shekara ashirin yana yankan katako a kurmi, ya dawo gida da ciwon baya da injin yankan itace guda uku: babba, da matsakaici, da ɗan ƙarami. Sallau ya durƙusa ya ce, "Kawu, aron inji na zo." Kawu ya ce, "Wanne daga ciki? Kowane aiki da nasa. Je ka auno mini kaurin reshen da ya faɗi, ka kawo mini." Sallau ya koma gida ya rungumi reshen, ya zare hannuwansa a hankali ta wajen karayar, ya taho da su a buɗe kamar mai ɗauke da tulun da ba a gani. Ya ratsa kasuwa ana miƙa masa hannu, yana cewa, "Ku yi haƙuri, da kaya a hannuna." Ƙofar zauren Kawu ta yi masa kaɗan, ya shiga a karkace. Kawu na ganinsa ya nufo shi hannu buɗe, sai ya zaci zumunci ne ya motsa, ya miƙe ya rungume shi. Sallau ma ya ƙanƙame shi. Da suka saki juna, Sallau ya dubi hannuwansa ya ce, "Kawu, kun ɓarar da awon." Ya ƙara da cewa, "Amma dai reshen ya ɗan fi ku kauri." Kawu ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan awon ma ya isa.

Wata rana Kawu ya jera masa injunan nan uku a ƙasa, ya ce, "Mutane na son babba don a ce da babba suke aiki. Kai ka ɗauki wanda za ka iya yini da shi a hannu." Sallau ya sungumi babban, wanda in an tsayar da shi bakinsa ke kai masa ƙirji. Ya zo tsakar gida ya tsaya da shi, ko tayar da shi bai yi ba. Da hantsi Kande ta ce, "Maigida, ajiye ka karya." Ya ce, "Kawu yini ya ce." Kande ta san mijinta, ba ta ja zancen ba. Ta tsaya a gabansa tana ɓallo ƙosai tana sa masa a baki, tana kafa masa ludayin kunu. Sallah kaɗai ta raba shi da injin, yana sallamewa ya sake ɗauka. Kafin la'asar hannuwansa sun kama rawa, zufa ta jiƙa shi har wando. Ya koma wurin Kawu ya ce, "Wannan ya kayar da ni." Kawu ya ce, "Ya kayar da waɗanda suka fi ka." Ya ba shi matsakaicin, ya koya masa yadda ake tayar da shi, da yadda ake kafa ƙafafu, da riƙo da hannu biyu. Cikin kwana biyu reshen nan ya zama itacen girki, an jibge shi a madafar Kande har rufi.

Wata rana Kawu ya ce masa, "In injin ya yi zafi ka ba shi hutu a inuwa, ka kuma riƙa kula da haƙoransa." Da rana ta take, Iya ta lallaɓo daga ɗaki tana neman tabarmarta. Ta tarar da ita a gindin bango, wani abu kwance a kai an tasa masa kai da matashi. Sallau na gefe, hannu ɗaya da mafici yana fifita, ɗayan da asuwaki yana goge haƙoran sarƙar injin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Auta, wa ke kwance?" Ya ce, "Injin ne, Iya. Jikinsa rau kamar mai zazzaɓi." Iya ta kai hannu ta taɓa, ta ji zafi kuwa. Kande na madafa ta toshe baki da zane. Iya ba ta yi dariya ba. Ta zauna ta karɓi maficin, ta ce, "Kawo in taya ka jinya. Kai ma jikinka da zafi, je ka sha ruwa." Da Kawu ya ji labari, sai ya ce bai taɓa ganin sarƙa mai tsabtar wannan ba, sannan ya ɗauko magagari ya nuna masa abin da yake nufi da kula da haƙora.

Wata rana aka sa lokacin kayar da ɗorawar kanta. Maza suka taru da safe, mata na leƙe ta katanga, Iya na zaune a ƙofar ɗakinta ta ƙi matsawa. Kowa na cewa a kawo babban inji, a yi mata yanka ɗaya daga gindi a huta. Aka kawo shi. Kawu, da bayansa ya hana shi aiki, yana kan kujera yana ba da umarni. Ya ce, "Sallau, kafin ka sa mata bakin inji, fara tambayar bishiya inda take son faɗuwa." Nufinsa ya dubi wajen da ta karkata. Sallau ya ajiye inji, ya matsa ya yi sallama, ya yi tambayarsa, ya manna kunne a jikinta. Aka kwashe da dariya. Ya daɗe a haka bai motsa ba. Wani mahauci mai suna Gagare ya ce, "To, me ta ce?" Sallau ya ɗaga hannu ya ce, "Ba ta gama ba." Can ya juyo ya ce, "Kawu, tana magana, amma ba da Hausa ba. Zuuu kawai take cewa."

Dariyar Kawu ta ɗauke. Ya dafa sandarsa ya taso, ya ƙwanƙwasa gindin, sai ya amsa kamar ganga. Ya sa nasa kunnen, ya ɗago ya dubi sama, ya hango wani ɗan rami can tsakanin rassa, ƙudan zuma na shiga suna fita. Ashe cikin ɗorawar kogo ne tun daga ƙasa, zuma sun cika shi. Kawu ya ce, a hankali, "Da an sa mata inji, tsagewa za ta yi ta faɗi inda ta ga dama, ɗakin yayata kuma shi ne kusa. Zuman kuwa da sun fara da wadda ba ta iya gudu." Babu wanda ya sake dariya. Gagare ya cire hularsa ya mayar.

Washegari da sassafe masu ɗibar zuma suka zo da hayaƙi suka kwashe. Kawu ya sa aka mayar da babban inji, aka ɗauko ɗan ƙaramin da kowa ke rainawa. Aka ɗaura wa Sallau igiya a ƙugu ya hau, yana yanka reshe ɗaya ɗaya daga sama, ana sauke su da igiya. Kwana uku aka yi ana yi, ko ɓawo bai taɓa rufin Iya ba.

Ranar da aka gama, da la'asar, hadari ya haɗu. Iya na zaune a ƙofar ɗakinta da 'yar ƙwaryar zuma a cinya, Sallau na kusa da ƙafafunta, Kande na kwashe shanya. Iya ta tsoma yatsa ta lasa, ta ce, "Auta, da za ka tambaye ta, ka yi mata sallama?"

Ya ce, "Na yi, Iya."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Shi ya sa ta amsa maka."