Ranar da Surukata Ta Mai da Ni Maso

Ko ƙasa ta rufe min ido, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar nan ba, lokacin da nake ɗora bene a gidana na Matameye.

Isufu maso, wato magini, na ba aikin, kuma wallahi mutumin nan ya iya. Kafin ya kafa sanda ɗaya ta dandamalin katakon da magina ke takawa, sai da ya yi ta zagaya gidan kamar mai neman aure. Ya tsara inda tsani zai jingina, ta inda kwanon siminti zai hau, ta inda zai sauko. Gefen gabas kuwa, wanda ke leƙa tsakar gidan surukata Hajiya Mariyama, ya rufe shi ruf da zana, ya kafa doka: ba mai hawa can sai an yi kira, "A yi sutura, za a hau!"

(Ku sani, tun da na auri 'yarta, Hajiya ba ta taɓa ganin ina shan ko ruwa ba. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe ta.)

Ranar, magina sun tafi shirin masallaci, Isufu ya cire tsaninsa ya ɓoye. Sai ga abokina Alhaji Sani daga Ɗan Barto.

"Kai da wannan tumbin, ka taɓa hawa benen naka kuwa?" in ji shi.

Zuciya ta ɗebe ni. Na aro tsani a maƙwabta, na jingina ta gabas don can ne inuwa, na hau da babbar rigata ta Juma'a, ba kira ba sallama. Ashe katakon ƙarshe ba a ɗaure shi ba tukuna. Ina takawa ya ɗaga kai kamar jaki ya ga kura. Na cafki zana, zana ta ce ba da ita ba, ta faɗa gidan Hajiya. Ni kuma na zauna daram a kan sanda, ƙusa ta kama rigar ta kifa min a ka, tumbina yana shan iska a bainar Damagaram baki ɗaya.

Ta wuyan riga na leƙa ƙasa. Mata cike da tsakar gida, ana dakan suna! Taɓare suka tsaya cak. Hajiya na zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa.

Baiwar Allah nan ko ɗaga kai ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Ku shiga ɗaki, magina sun hau." Wata ta fara, "Hajiya, ai wannan..." Ta katse ta: "Na ce maso ne." Sannan ta ɗan ɗaga murya: "Sannu da aiki, maso. A sauko lafiya."

Isufu ya iso a guje. Duk da ina lilo, sai da ya tsaya ya yi kiransa na sutura, ya ɗaure katakon, sannan ya kwance ni kamar buhun gero. Alhaji Sani yana ƙasa, dariya ta hana shi riƙe tsani.

Har yau Hajiya ba ta tayar da zancen ba, gaisuwarmu tana nan yadda take. Sai dai duk ranar da ta yi dambu, takan aiko da kwano a ce, "Na maso ne." Ina cinyewa tas.

Abin da na koya: in Isufu ya ɗauke tsani, yana da dalili. Kada ka je aro.