Kiran da Na Ƙi Amsawa a Silima

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da Larabar nan ba, saura kwana uku manyana su je neman auren Falmata. Har yau in na tuna, sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare da ke kusa da Ƙofar Dawanau, kuma a lokacin ina ji da kaina. Ɗalibi ya kawo mini labarin aljanu, in yi masa bayanin iska da amsa-kuwwa har sai ya yi da-na-sanin buɗe baki. Abin da ɗaliban ba su sani ba shi ne a Jakara na tashi, a hannun kakata Inna mai waina, matar da ta san kowane lungu da irin abin da ke zaune a cikinsa. Dokarta ta farko ita ce: in ka ji an kira sunanka ba ka ga mai kiran ba, kada ka amsa, kada ka waiwaya. Ka karanta Ayatul Kursiyyu, ka yi tofi, ka wuce. Inna ta rasu shekaru da yawa, na yi digiri, na koma Gwammaja, kuma na ɗauka dokar nan ta bi ta kabari.

Mahaifin Falmata ya rasu, don haka aurenta yana hannun ƙanensa, Alhaji Bukar, Babarbare mai sayar da turare a Kurmi. Sau ɗaya na taɓa zuwa gaishe shi, kuma kaina a sunkuye yake tun daga sallama har zuwa sai an jima, shi ya sa takalminsa na fi sani a kan fuskarsa. Falmata ta gargaɗe ni cewa Baba Alhaji ba ya son mutum mai rawar kai, ya taɓa korar wani manemin yayarta saboda ya cika dariya a zaure. Har ranar bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa kawai ya yi yana bincike, manya su zo ranar Asabar su ji.

To, mai hankali da ke cikin irin wannan hali sai ya zauna a gida yana addu'a. Ni kuwa sai na tafi silima.

Dalili shi ne an kawo kashi na biyu na wani fim ɗin Turawa na sararin samaniya, wanda na kalli na ɗayansa a waya har sau huɗu. Labarin wasu matafiya ne da jirginsu ya sauka a wata duniya da babu kowa, babu ko tsuntsu. Abin da ke can ba shi da jiki, murya kawai gare shi. Yana koyon muryar mamatan mutum, ya kira shi da sunansa, wanda duk ya amsa sai ya miƙe ya bi duhu, ba a sake ganinsa. Na biyun an ce an zuba masa dukiya ta fitar hankali, kuma duk wanda ya kalla a waya ya cuci kansa. Na tashi daga makaranta, na yi azahar, na tari adaidaita zuwa silimar da ke cikin wani katafaren kanti a wajen badala. (Na zaɓi na rana ne, wai don kada in haɗu da wanda na sani.)

Na shiga an riga an kashe fitila. Na lallaɓa na sami kujerata, da guggurun masara a hannu, ina ji kamar wani farfesa da ya zo duba aikin ɗalibai.

Da farko ɗakin kamar kasuwa. Kun san mutanenmu, ba a kallon fim sai an taya 'yan wasa shawara. Wani a gaba yana ta yi wa abokinsa bayanin na ɗaya, rabinsa ƙarya. Wata mata ta ce wa jarumar, "Baiwar Allah, me ya kai ki? Ba ki da dangi ne?" Aka yi dariya. Da jirgin ya taso, kujeru suka ɗauki rawa saboda ƙara, wani ya yi kabbara, wani ya ce lallai an ga inda kuɗin ya shiga. Wayoyi kuwa a sama, kowa na son ya nuna wa duniya ya zo.

Bayan kamar rabin awa sai matafiyan suka sauka, kiɗa ya ɗauke. Ban taɓa jin shiru irin wannan a taron Kanawa ba, ko a gidan makoki ana samun mai tari. Wayoyin suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Mai bayanin nan ya yi tsit. Na duba gefena, na ga fuskoki jere cikin wani shuɗin haske, baki a buɗe, ba mai ƙiftawa, kamar ba mutanen da suka gama surutu yanzu ba. Sanyin na'ura ya fara shiga ƙafata.

Daga nan muryar ta fara kira. A waya daga gabanka take fitowa, ka san inda take. A nan kuwa sun jera lasifikoki a jikin bango, sai raɗan ya taso daga hagu, ya zagaya ta bayan ƙeya, ya koma dama. Mutane suka riƙa waiwaye suna dariyar da ba ta kai ciki ba. Matar ɗazu na ji tana ta "Hasbunallahu" ƙasa-ƙasa. Wani ƙato ya miƙe ya ce zai je ya kama ruwa, kuma har aka tashi bai dawo ba. Ni dai na gyara zama, na ce wa kaina wannan ai lissafin sauti ne kawai, ko jiya na koyar da shi a aji biyu.

A fim ɗin, muryar tana kiran jarumar da muryar uwarta. Ta toshe kunne tana kuka. Daidai lokacin na ji wani ƙamshi ya zo mini ta baya, ƙamshi mai nauyi, irin na tsofaffin turaruka. Na san inda na taɓa jin sa: ranar da aka yi wa Inna sutura, shi ne ya cika ɗakinta.

Sai na ji raɗa, dab da kunnena.

"Na-Inna."

Jama'a, wannan suna ba ya cikin takardata ko ɗaya. Inna ce ta laƙaba mini shi ina yaro, tsofaffin lungunmu suka ɗauka, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ko Falmata ba ta san shi ba. Na ƙura wa allon ido, na ce kunnena ne. Na tauna gugguru don in ji wani sauti daban, amma ya ƙi haɗiyuwa.

"Na-Inna."

Na biyu ke nan. A nan digirina ya tattara kayansa ya bar ni. Ban san lokacin da bakina ya kama Ayatul Kursiyyu ba. Wuyana ya sandare, idona na gaba, gumi na bin bayana duk da sanyin nan. Tsoro nake ji na gaske, irin wanda na rabu da shi tun ina bin lungun Jakara da fitilar ƙwai. Har wani tunani ya zo mini, wai ko Inna ce ta zo ta ji dalilin da ya sa nake ƙaryata ta a gaban ɗalibai.

"Na-Inna, kai ne?"

Na kai ƙarshen ayar ke nan sai na ji hannu a kan wuyana. Hannu mai sanyi ƙalau, mai danshi.

Abin da ya biyo baya, daga baya aka ba ni labarin wani sashensa. An ce na yi tsalle na ƙwalla "Innalillahi!" da muryar da ta danne lasifikokin nan duka. Abin da na tuna da kaina shi ne na juya, idona a rufe gam, na yi tofi sau uku iya ƙarfina. Tofin malamai iska ce da ɗan danshi. Nawa kuwa, bakina cike yake da gugguru.

Ɗakin ya hargitse. Mutanen da suka shafe minti ashirin suna riƙe da numfashi, dama jira suke. Matar nan ta kurma ihu, na kusa da ƙofa suka yi waje, na tsakiya suka bi ta kan kujeru, wani yana cewa wuta, wani yana cewa a'a, abin ne ya fito. Takalma suka zube. Ma'aikata suka tsayar da fim, suka kunna fitilu.

Na buɗe ido. A kujerar bayana wani dattijo ne zaune cikin farar shadda, da gorar ruwan sanyi a hannu, ya kasa ko motsi. Gugguru a gemunsa, gugguru a gilashinsa, wani ma ya maƙale a hularsa. Fuskar ba ta gaya mini komai ba. Na sunkuyar da kai don kunya, sai idona ya sauka a kan takalminsa.

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da na gode mata.

"Baba Alhaji," na ce. Na durƙusa a tsakanin kujeru, gwiwata a cikin lemon da wani ya zubar. "Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, Malam," ya ce, yana cire gilashin a hankali. "Ya aiki?"

Haka muka gaisa tsaf, har da tambayar mutanen gida, jama'a na dawowa suna tsintar takalma. Da suka gane babu wuta babu aljani, sai dariya ta ɓarke. Wani ya ce shi ya ɗauka ihun nawa cikin fim ɗin ne, har yana yaba wa Turawa. Mai bayanin nan ya sami bakinsa, ya ce ai shi tun farko ya san mutum ne, alhali takalminsa ɗaya yana bakin ƙofa. Matar kuwa ta nuna ni ta ce, "Malam, Allah ya isa tsakanina da kai."

Alhaji ya kama hannuna muka fita. A barandar kantin ya tsaya yana kakkaɓe gemu, ni kuma ina ba da haƙuri ba ƙaƙƙautawa, a raina ina yi wa Falmata ban kwana.

"Ni na jawo," ya ce. "Hasken wayar wani ne ya nuna mini kai. Da na ce Malam, rabin ɗakin nan zai waiwayo, ni kuma ba na son a gan ni. Sai na tuna sunan da aka gaya mini a Jakara da na je bincike. Ashe kai ne jikan Inna mai waina. Na ci wainarta ina saurayi."

Na ce, "Allah ya jiƙanta. Baba, wani abu ne ya faru?"

Ya dubi hagu da dama. "Na ɗayan da fassarar Hausa na kalle shi. Wannan kuwa Turanci ne zalla. So nake ka gaya mini abin da muryar nan take ce wa yarinyar." Ya mayar da gilashinsa. "Kuma gaskiya zaman ni kaɗai ya fara isata."

Muka koma ciki, na zauna kusa da shi ina yi masa fassara a kunne har aka gama. Duk lokacin da raɗan ya zagayo sai in ji ya matso. Da muka fito ya ce na ɗayan ya fi ma'ana, wannan ƙara ce kawai. Bai ce mini komai a kan Asabar ba, ya hau motar haya ya tafi. Kwana ukun nan ban ci abincin kirki ba. Falmata ta yi ta tambaya me ya same ni, na ce mura.

Ranar Asabar kawuna ya dawo daga gidansu yana murmushi, amma da alamar ɗaurewar kai. Ya ce an ba mu. Sai dai akwai maganar da Alhaji ya yi da bai gane ba.

"Cewa ya yi ya gwada ka da kansa. Wai ka riƙe tarbiyyar gida, kuma Ayatul Kursiyyunka babu gyara ko ɗaya. Amma a gaya maka ka rage ƙarfin tofi. Yaushe ka yi masa tofi?"

Na ce wataƙila da wani yake haɗa ni.

Yanzu shekararmu shida da Falmata, kuma ba ta san wannan labari ba sai in ta karanta shi a nan. Baba Alhaji bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka. Sai dai duk ranar Sallah in na durƙusa gaishe shi, ana cewa a shafa Fatiha zan ga ya ɗan ja da baya, ya kare gemunsa da hannun riga.

Darasin da na koya ba mai yawa ba ne. Har gobe in aka kira ni ban ga mai kiran ba, ba zan amsa ba, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Amma kafin in yi tofi, ina buɗe ido in ga a kan wa zai sauka.