Zalɓen da Na Wanke

Tun da aiki ya fara kai ni ƙasar Sin na kamu da tara zanen tawada. Wanda na fi ji da shi zanen zalɓe ne, na rataye shi a falonmu na Jabi, na hana kowa taɓawa.

Ranar da ogana zai zo ganinsa, na hango kashin ƙuda a fiffiken. Matata ta ce, "Alhaji, bar shi haka."

"Ke dai zuba ido," na ce, na jiƙa tsumma.

Shafa ɗaya, zalɓe ya narke. Da oga ya iso, ya daɗe yana kallon zanen, ya ce, "Kai, hadarin nan kamar gaske!"

Har yau in zan shiga wanka sai ta ce, "A hankali, Alhaji, kada kai ma ka narke."