Rantsuwar da Na Yi a Zaman Ukun Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar ukun Baba ba. Kuka kam kowa ya yi, nawa bai fi na kowa ba. Abin da ke dawo mini shi ne maganar da na faɗa alhali babu wanda ya tambaye ni.

Lokacin ina shekara ta biyu a wata jami'a a Turkiyya, inda na samu tallafin karatun injiniya. Baba tela ne a Ƙofar Kaura, kekensa ɗaya, da benci a ƙofar shago inda abokansa ke zama bayan la'asar. Da hutun tsakiyar shekara ya matso, mako uku cur, sai ya kira ni da kansa. Bai saba ba, Inna ce ke kira ta miƙa masa.

"Za ka samu leƙo mu kuwa?" ya ce.

Na san ba ya jin daɗi. Inna ta ce mini "jikin ne dai," ni kuma na fahimci maganar yadda ta fi mini sauƙi. Mun riga mun shirya tafiya Bursa ni da abokaina biyu, Sadik ɗan garinmu na unguwar GRA da wani Bakano, za mu hau dutse mu ga dusar ƙanƙara. Sai na ce, "Baba, bana babu hutu, an riƙe mu aikin gwaji."

"To, ai shi ya kai ka. Allah ya yi albarka."

Mun tafi, kuma ba zan ce ban ji daɗi ba (ƙarya ɗaya ta isa). Mun ari takalman zamiya, na faɗi ya fi a ƙirga. Sadik ya ɗauke ni hoto ƙafafu a sama, hular sanyi ta rufe mini ido. Ni kuwa mai wayo, kafin in ɗora ko hoto ɗaya a intanet sai da na bi sunayen wayata ɗaya bayan ɗaya na toshe duk wani ɗan uwa, har da gwaggona da wayarta ko hoto ba ta nunawa.

Bayan wata biyu Baba ya rasu. Ban samu jana'iza ba, a garinmu ba a jiran jirgi. Na iso da safiyar uku, aka zaunar da ni kan tabarma a ƙofar gida kusa da Yaya Sani, babban wanmu. Aikin mai zaman makoki kaɗan ne. A zo a yi addu'a, a shafa, a ce ya haƙuri, ka ce mun gode Allah. Shi ke nan.

Wajen hantsi Malam Isiyaku ya iso, aminin Baba tun ƙuruciya, tare da sauran 'yan bencin. Bayan addu'a ya riƙe hannuna ya ce, "Ka iso, ɗana? Ya hanya?"

Da na ce lafiya lau na yi shiru, da an wuce wurin. Amma ina ganin kamar kowa kallona yake, kamar ana cewa ga wanda bai zo ya duba ubansa ba. Sai na ɗaga murya yadda na nesa zai ji.

"Wallahi Baba, da an ba mu hutu da na zo na gan shi. Ko kwana ɗaya ba su ba mu ba."

Yaya Sani ya sunkuya yana tsintar abin da babu a kan tabarma. Malam Isiyaku bai saki hannuna ba.

"Bar rantsuwa, ɗana," ya ce a hankali. "Ai mun ga hoton ƙanƙarar."

Ashe Sadik ya tura wa mahaifiyarsa hoton, ita kuma Islamiyyarsu ɗaya da Inna. Ta nuna mata da murna, wai ga 'ya'yansu can suna shan iska. Daga nan ya isa wayar Yaya Sani, Baba ya sa aka kai wa mai hoto ya wanke masa.

"Kullum shina aljihunshi," in ji Malam Isiyaku. "Duk wanda ya zamna bencin nan sai ya nuna mashi, ya ce ku dubi injiniyanmu. Shi yi ta dariya har tari ya sarƙe shi."

"Kamar an kifar da kunkuru," in ji wani dattijo daga baya. Wasu suka rufe baki da hannun riga.

Malam Isiyaku ya ci gaba, "Na ce mashi, ba ka yi mashi faɗa? Ya ce a'a, ku ƙyale shi, in ya zo shi ba ni labari da bakinshi."

Na rasa inda zan sa ido. Sai a lokacin na tuna cewa duk wayar da muka yi bayan tafiyar, Baba ya daina tambayata karatu. Abu ɗaya yake cewa, "Ya sanyi?" Sau huɗu ko biyar ya buɗe mini ƙofar nan, ni kuma ina amsawa, "Ai muna cikin aji, Baba, ba ma jin shi."

Tun ranar na koyi amsa iyakar abin da aka tambaye ni a kan tabarmar makoki. Na kuma gane cewa idan dattijo ya yi ta maimaita maka ƙaramar tambaya, ba amsar yake nema ba, ya daɗe da ita a aljihu.