Alewar da Ta Faɗa Kofin Gwaji

Ba za ni taɓa mantawa da teburin da aka ba mu ba a gasar kimiyya ta makarantun sakandare a garin Isa. Muna shiga zauren na lura ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, an tokare ta da murfin kwalba. Ni irin waɗannan abubuwa nake gani. Fuskokin mutane kuwa ba na iya kallo.

Malam Sani, malaminmu na kimiyya, shi ya ɗauko ni daga Sabon Birni don in yi bayani. Duk aji an yi mamaki, don ni ko suna aka kira, kai kawai nake ɗagawa, ba na amsawa. Ya ce na fi kowa gane gwajin, kuma idan muka ci, mu za mu tafi Sakkwato. Wani malami har ya ce masa, "Wagga yarinya za ka kai? Sai dai ta yi musu kallo." Ina ji.

Gwajin ba wuya. Kofunan gilashi biyu, kowanne da ruwan sinadarin kuromiyam mai launin lemu da ɗan asid, an tsoma su cikin kwanon ruwan zafi. A ɗaya za ni zuba sukari, ruwan ya rikiɗe ya zama kore. Ɗayan ba a sa masa komai, dole ya tsaya yadda yake, don a ga sukarin ne ya yi aikin.

Ƙawata Hauwa'u ce ta ji ina maimaita haddata can ƙasa-ƙasa. Ta miƙo mini alewa irin wadda babanta ke sarowa daga Maraɗi, ta ce, "Tsotsa, muryarki ta daidaita." Na san an hana ci kusa da ruwan nan, guba ne. Amma na ce hijabi zai rufa mini asiri. (Hijabi bai rufe baki ba. Na manta da wannan.)

Alƙalan gasa suka iso da wuri, kafin alewar ta narke. Babbansu, wani dattijo mai tabarau, ya yi sallama. Na duƙa in amsa da ladabi, na buɗe baki.

Tsulum.

Cikin kofin da ba a sa wa komai ta faɗa. Kowa ya ji ƙarar. Na yi kamar ban ji ba, na zuba sukari a ɗaya kofin, na fara karanto haddata ina kallon ƙasa. Kafin in kai ƙarshe, kofin sukari ya yi kore. Maƙwabcinsa ma ya bi sahu, a hankali, alewar na zaune a ƙasansa tana ƙanƙancewa.

"Ɗiyata," in ji dattijon, "kin ce wanga ba shi canzawa. Mi ya same shi?"

"Alewa ce, Baba."

"Daga ina?"

"Daga bakina."

'Yan wata makaranta da ke teburin gefe suka kwashe da dariya, har ɗaya ya riƙe bango. Dattijon ya danne tasa ya ce to in faɗa masa abin da ke faruwa da alewar. Na ce kuromiyam ne ke ƙona sukarin da ke cikinta ba tare da wuta ba, ya mai da shi asid, kuromiyam ɗin kuma garin haka ya koma kore, sannan asid ɗin ya kama shi ya riƙe gam. Ya gyaɗa kai ya ce bayani ya yi, amma cin alewa a wurin gwaji ya zubar mana da maki. Wasu suka tafi Sakkwato.

Abin da na koya shi ne, kuromiyam ba ruwansa da inda sukari ya fito, na cokali da na baki duk ɗaya ne a wurinsa.

Muka shiga motar komawa gida. Mun yi nisa kafin in juya wurin Malam Sani.

"Malam, don Allah baɗi ma a sa ni. Amma a riƙa duba bakina tun daga ƙofa."